Kamara ko ƙararrawa mai kuɗin wata? Ina neman shawara kan gidana na Yamai

Ba'adaren Lome:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, don kuɗin da ake kira mini ba na wasa ba ne.

Ni mutumin Tawa ne, amma iyalina suna Yamai, a Niamey 2000, can ƙarshen unguwa inda gidaje suka fara tsinkewa. Sana'ata fiton kaya. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyarmu ta koma Lome ta cikin Burkina, tafiyar da a da ba ta wuce sati yanzu sai ta ci wata, ana zaman jiran rakiyar sojoji. Ke nan yawancin darare ba ni gida. Waɗanda ke ciki su ne tsohuwata, da maiɗakina, da yara, sai ƙanena da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni, shi ma rabin kwanansa a Harobanda yake yi wurin abokansa.

Katangar gidan mita biyu da rabi ce. Akwai babbar ƙofar ƙarfe ta mota da ƙarama ta mutane. Bayanmu fili ne da ba a gina ba, hannun dama kuma wani kango ne da mai shi ya kai linta ya tsaya, yaro ma zai iya takawa ta nan ya leƙo mu. Kafin Sallar layya an haura gidan maƙwabcinmu an tafi da raguna da moto, bayan nan aka kwance wa wani batiran sola a cikin gareji, sai da asuba ya farga da fanka ta tsaya. Tun lokacin maiɗakina ba ta barcin kirki, ni ma a hanya haka.

Mutum biyu sun zo sun duba gidan. Na farko wani matashi ne mai shago. Ya ce kamara 4 na Hikvision, da akwatin da ke ajiye hoto mai faifai tera 1, ya sa mini manhajar a waya ina kallon gida daga ko'ina. Jikka 380, wato sefa dubu 380, har da kuɗin aiki, biya ɗaya an gama, garanti wata 6, amma da baki. Na biyu kamfanin gadi ne. Su ƙararrawa za su sa mai layin waya a ciki, da na'urorin ƙofa, da masu jin motsi, da jiniya a waje. Jikka 250 na sawa, sannan jikka 30 duk wata, yarjejeniyar shekara 2. Sun ce da ta yi kuka motarsu za ta iso. Da na buga lissafi, nasu ya kama jikka 970 cikin shekara biyun, miliyan ɗaya ba kaɗan.

Zuciyata ta fi karkata ga kamara, don ina son in riƙa ganin ƙofar gidana da idona. Amma ina tsoron ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, da zafin nan namu mai kashe kaya. Kafin wani ya ce in nemi kare, tsohuwa ta riga ta yanke hukunci: kare ba zai zauna gidan da take salla ba. To wanne za ku ba ni shawara? Kuma waɗanda suka taɓa biyan kuɗin wata, da gaske motar na zuwa?

Mai Waya na Wadata:

Wa alaikumus salam Alhaji. Haɗa kamara da sola shi ne abincina, saboda haka ka ji maganata da sanin ni ma mai sayarwa ne, sai dai ba cewa zan yi ka zo wurina ba.

Abubuwan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Kamara shaida ce, da safe take nuna maka abin da aka yi da dare. Ƙararrawa ita ke tada mutane daidai lokacin da ake yin abin. Kai da kake kwance cikin mota tsakanin Kaya da Dori, rezon waya na zuwa yana tafiya, ba za ka zauna ƙarfe uku na dare kana kallon waya ba. Na ga hotuna da yawa masu kyau na ɓarayi da rawani a fuska, moto kuma bai dawo ba.

Kowanne ka zaɓa, fara da maganar wuta. Ka tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kuran ta Birnin Kebbi. Duk gidan da kamararsa ke jone kai tsaye da bango ya makance, kuma ko babu wannan, ka san yadda Afrilu da Mayu suke. Ga lissafin: kamara ɗaya tana cin watt 5 zuwa 8 da dare idan fitilunta na gani cikin duhu sun kunna. Ka haɗa huɗu da akwatin da na'urar intanet, ka ce watt 50. Awa 10 na dare watt-awa 500 ke nan. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1200, amma in na darma ne rabinsa kawai ake ci idan ana so ya yi ƙarko. Wato shi ne daidai dare ɗaya. Ɗan ondilar ɗin kwamfuta, akwatin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, da yaran shago ke haɗa wa mutane, batirin cikinsa amfiya 7 ne, ko awa biyu ba zai riƙe ba. Tambayi matashin nan ko jikka 380 ɗinsa ta haɗa da batir. Na san amsar.

Inda za a ajiye batirin ma magana ce. Ƙarkon da ake rubutawa a jikinsa na digiri 25 ne, kuma duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin rayuwar na darma. Garejin kwano a watan Afrilu shi ne makabartarsu. In aljihu ya yarda, na litiyom irin LiFePO4 ya fi jure mana.

Yanzu na'urar jin motsi, wadda kamfanin bai faɗa maka halinta ba. Ba motsi take gani kai tsaye ba, bambancin zafin jikin mutum da zafin wurin take karantawa. Jikin mutum digiri 37 ne. Mu kuma rana na wuce 42, siminti da katanga su riƙe zafin har tsakar dare. Idan bambancin ya ragu sai ta yi nauyin ji, mutum ya wuce a hankali ba ta ce komai ba. Wani lokaci kuma guguwa mai zafi ta taso ta sa ta kuka a banza. Ka nemi mai ido biyu, wadda ta haɗa na zafi da na radar, ba ta kuka sai duka biyun sun yarda. Katangar baya da ta wajen kango kuwa, shingen haske ya fi dacewa da su: sanduna biyu masu kallon juna, duk wanda ya ratsa tsakani ya katse hasken. A sa mai layi biyu ko huɗu, in ba haka ba kyanwa da ƙadangare za su hana ku barci. Amma abin da na fi yarda da shi duka shi ne ɗan maganaɗisun ƙofa. Ya fi komai araha, zafi bai dame shi ba, ƙura ba ta dame shi ba. Ƙofar ƙarfe dai tana son irin nata mai kauri, na ƙofar katako ba ya aiki daidai a jikin ƙarfe.

In ka sa kamara, duba wayar da za a ja mata. Kasuwa cike take da alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakin da wuƙa, in fari ya fito ka mayar masa da abinsa. A bi da ita cikin tiyo, kada a bar ta a rana. Faifan tera 1, wato giga 1000, kuma bai yi maka ba. Kamara mai megapiksel 2 tana cika kusan giga 20 a yini, huɗu giga 80, cikin kwana 12 ya cika ya fara taka na baya. Kai da kake wata a hanya, kafin ka dawo hoton ya tafi. Ka nemi tera 4, ko a saita ta ɗauki lokacin motsi kaɗai, kuma ya zama faifan da aka yi don wannan aiki, WD Purple ko SkyHawk. Kada a ajiye akwatin ƙarƙashin talabijin a falo, nan ɓarawo ke fara dubawa. A jikin kamarar ka ga an rubuta IP66 ko IP67 saboda ƙurar hunturu, kuma a sa abin tare tsawa kafin damina.

Maman Ƴan Biyu, Yantala:

Alhaji sannu da ɗawainiya, Allah ya tsare hanya. Bari in yi magana da bakin maiɗakinka, tunda na ga duk lissafin maza ne, alhali ita za ta zauna da abin.

Ka ce kana son ganin gidanka a waya. Wane ɓangare na gidan? Tsakar gida nan muke wanki, nan ake kitso, nan ake shayar da yaro, ba mai lulluɓi. Da aka sa mana kamara, ɗaya tana kallon tsakar gida sak. Na tambayi maigidana wa ke da lambar sirrin, ya ce shi da yaron da ya haɗa. Na ce to yaron nan muharramina ne? Washegari aka juya ta ƙofar waje. Ka tsaya kansa ya nuna maka yadda ake canza lambar, ka canza da hannunka bayan ya fita, kuma asusun manhajar ya zama da lambar wayarka aka buɗe, ba tasa ba. Haka nan ka duba ta sama kada ta leƙa gidan maƙwabta. A layinmu an yi irin wannan har gaban mai unguwa, mutanen da suka shekara suna cin tuwo tare yanzu gaisuwa ma da ƙyar.

Na biyu, lokacin zafi ina ake kwana a gidanka? Mu dai waje muke shimfiɗa. Yaro ya tashi fitsari, Inna ta tashi alwalar nafila ƙarfe uku, mai aiki ta fito hura wuta. In an sa mai jin motsi a tsakar gida, dare uku jiniya za ta tada unguwa, na huɗu maiɗakinka ta kashe ta gaba ɗaya ba ta faɗa maka ba. Ni na yi shekara guda tamu a kashe lokacin bazara. Sai daga baya aka raba mana: akwai saitin da katanga da ƙofofin waje kaɗai ke aiki muna ciki, akwai na in mun fita duka. Ka tabbatar taku tana da wannan, kuma a koya wa matan gida, ba ƙanenka kaɗai ba.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali ɗan maɓalli ne da ke rataye kusa da gadona, in na ji abin da ban yarda da shi ba in danna, jiniya ta tashi. Ka sa a yi wa Inna nata. Lambobin da na'urar za ta kira kuma, kada taka ta zama ta farko. Kana Lome me za ka yi? Sa ta maƙwabcin da ka san zai fito da tocila, ka je ka roƙe shi da bakinka tukuna, sannan ƙanenka, sannan kai.

Tsohon Shugaban Masu Gadi:

Ɗana, ka tambaya ko motar na zuwa. Na yi shekaru ina jagorantar yaran dare a wani kamfanin gadi kafin gwiwa ta zaunar da ni. Tana zuwa. Tambayar ita ce yaushe, kuma daga ina.

Kada ka yi ciniki da mai kwat ɗin da ya zo gidanka. Je ofishinsu bayan sallar isha'i ba tare da ka sanar ba. Ka ga ko akwai mutum zaune gaban na'urar da ke karɓar kira, ka ƙirga motocin da ke aikin dare, ka tambayi direba inda suke tsayawa. A zamaninmu motoci suna kwana kusa da inda manyan kwastomomi suke, Plateau da Koira Kano, wurin ofisoshi da gidajen Turawa. Daga can zuwa ƙarshen Niamey 2000 tafiya ce, balle a watan Agusta da hanyoyin unguwa suka zama tafki. Ɓarawon moto minti biyar ya ishe shi. In motarsu ba ta kwana a ɓangarenku na gari, jikka 30 ɗinka kuɗin zuwa jaje ne.

Abin da za ka sa a rubuta a takarda: minti nawa za su iso, da abin da zai faru in sun wuce. Za su yi ta kewaye-kewaye, ka dage. Ka nemi sharaɗin gwaji, wato kana da damar tada ƙararrawar da dare ba sanarwa, ka riƙe agogo. Ka tambaya kayan na wa ne bayan shekara biyun. Wasu suna kulle akwatin da lambarsu, ranar da ka daina biya ya zama kwali a bango, alhali ka biya jikka 250. Ka tambaya wa ke canza batir, wa ke biya in tsawa ta ƙone shi. Su nuna maka izininsu na ma'aikatar cikin gida, kuma takardar kuɗin ta zo da lambar NIF ta haraji da RCCM ta rajistar kasuwanci, don in rigima ta taso ka san wanda za ka kai ƙara.

Sai abin da mutane ba sa tambaya: nawa suke biyan yaransu, kuma a kan lokaci? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 42.000 ne tun Janairun 2024. Ka ja ɗaya daga cikin masu gadin gefe ka tambaye shi ko yana da lambar CNSS, wato asusun fansho na ma'aikata, ko yana bin bashin wata. Yaron da ya yi wata uku ba albashi, ya san ƙofofin gidanka, ya san ranar da kake tafiya, ba sai na ƙarasa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ya shafi matashin kamarar ma: ka san shagonsa, ka san wanda ya tsaya masa, kuma kada a yi aikin kana hanya.

Ka kuma sani yaranmu sanda da tocila da rediyo suke riƙewa. In abin ya yi girma, su ma ƴan sanda suke kira. Saboda haka kowa a gidan, har yara, ya haddace 17 na ƴan sanda da 18 na masu kashe gobara.

Ɗan Sabon Gari, Tawa:

Yaya, ku mutanen Yamai kuna son wahala. Babu fada a layinku? Mu nan samarin da ke shayi a bakin layi har ƙarfe biyu su ne ƙararrawarmu, duk wata ina kai musu sukari da ganyen shayi da gawayi, baƙo bai isa ya tsaya ƙofar gidana ba a tambaye shi wurin wa ya zo. Ka ƙara fitilun sola biyu masu kunna kansu a bayan gida, ka sa waya mai ƙaya kan katanga. Sauran kuɗin ka sai wa Inna rago.

Ba'adaren Lome:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙanena na Tawa, fada akwai, amma tana can bakin kwalta, mu kuma muna inda ko mai kabu-kabu sai an roƙe shi yake shigowa. Fitilun dai na karɓa.

Baba, na bi maganarka na je ofishin da dare. Mutum ɗaya na tarar da waya biyu a gabansa, mota ɗaya ce ke aiki, kuma direban da kansa ya ce mini bai taɓa shiga layinmu ba. Da na koma da safe na nemi a rubuta minti, sai aka ce sai shugaba ya dawo daga tafiya. Maganar kayan kuma, nasu ne, haya nake. Na ajiye wannan. Matashin kamara shi ma ya amsa cewa babu batir a lissafinsa, kamar yadda Mai Waya ya faɗa.

Hajiya, na karanta wa maiɗakina abin da kika rubuta, ta ce a gaishe ki, kuma wai dama ta yi niyyar rufe ta tsakar gida da ɗankwali. Ba za a sa ba.

Ga inda na tsaya. Zan sayi ƙararrawar tawa ta kaina mai layin waya, maganaɗisu a ƙofofi, shingen haske a katangar baya da ta wajen kango, jiniya a sama, maɓalli biyu na cikin ɗaki. Kamara biyu kawai, ɗaya ƙofar gida ɗaya bayan gida, duka a kan batirin solar da nake da shi. Na yi magana da maƙwabcina wanda aka sace wa raguna da wani malamin makaranta da ke gabanmu, sun yarda a sa lambobinsu, su ma suna son a haɗa musu irinta mu riƙa amsa wa juna. In wani kamfani ya buɗe wurin tsayawa kusa da mu nan gaba, sai a sake magana.

Saura tambaya biyu ga Mai Waya. Wane layi zan sa a ciki? Kuma wani ya ce in sa wayar lantarki kan katanga maimakon shingen haske, me ka gani?

Mai Waya na Wadata:

Alhaji, maganar layi ba ta suna ba ce, ta wurin ce. Ɗauki Airtel da Moov da Zamani ka tsaya daidai inda za a kafa akwatin, ƙofa a rufe, ka gwada kira da dare, ka kuma gwada lokacin da kuran ya ɗauke. Wanda ya fi tsayawa shi ne naka. In ka samu akwati mai ramin layi biyu, sa na kamfani biyu daban. A yi rajistar layin da sunanka, a cire lambar PIN kafin a sa shi, in ba haka ba da na'urar ta mutu ta tashi za ta tsaya jiran lamba ba wanda ya sani. Layin da ba a sa masa kuɗi ya daɗe kuma rufe shi ake yi, ga jiniya na kuka ga waya ba ta kiran kowa. Ka ɗora wa ƙanenka: duk farkon wata ya sa kuɗi, ya buɗe ƙofa da gangan, ya ga ko wayoyin duka sun yi ƙara. Ya faɗa wa maƙwabta kafin ya gwada.

Wayar lantarki tana aiki, tana bugu da dubban volt kamar sau ɗaya a daƙiƙa, kuma in an yanke ta tana tada jiniya. Sai dai tana son ƙasa mai laima, yashinmu kuwa a rani busasshe ne ƙayau, sai an kafa sandunan ƙasa da yawa masu zurfi, wasu har ruwa suke zuba musu. Ga kangon nan da yaran unguwa ke hawa, ban so ka wayi gari da iyayen wani a ƙofarka. Fara da shingen hasken. Ka sa a ɗaga shi kamar taƙi ɗaya sama da kan katanga, a share gilashinsa da tsumma duk sati lokacin hunturu, kuma jiniyar ta waje ta zama mai batirinta a ciki, yadda ko an yanke wayarta za ta ci gaba da kuka.